Kwabo Mai Ƙaya

Asabar, 6 ga Safar, bayan la'asar

Mun dawo da Baba gida. Likita ya ce zai fi jin daɗi a ɗakinsa, a cikin iyalinsa. Yana faɗa yana kallon biron da ke hannunsa. Shekarun da na yi a jami'a ina karanta haɗa magunguna, amfaninsu yau shi ne na duba takardar sallama na ga magungunan da suka cire da waɗanda suka bari. Ban yi wa Turki bayani ba. Ƙanena ne, murna yake yi an sallame mu, har ya tsaya a hanya ya sayo burodin tamis da waken ful.

Da Hausa nake rubutun nan don a gidanmu ba mai iya karanta ta da boko sai ni. Turki yana jin ta, amma da Larabci yake mayar da amsa. Ni aka tura Kano karatu, wurin dangin Umma, Allah ya jiƙanta.

Mukayyif ɗin ɗakin, injin sanyaya iska, yana ɗiga. Na tara roba.

Lahadi, 7 ga Safar, da hantsi

An juya shi. Ya sha kaɗan. Idonsa a buɗe, yana kallon inda silin ya haɗu da bango.

Litinin, 8 ga Safar, bayan magariba

Goggo Ɗaso ta taso daga unguwar Tandabawi, can kusa da Harami, da jakarta da carbinta da butarta, kamar gidanmu babu buta. Yayar Baba ce, ita ta goya shi. Ta zauna a bakin gado ta ce, "Ƙadiri, ni ce." Ta ɗan jira. Sai ta juyo ta ce da ni, "Ya ji ni." Ban musa ba.

Daga nan idonta ya faɗa kan kabad ɗin da ke kusa da taga. Ta san abin da ke ciki, kowa ya sani. Ta dube shi yadda ake duban maƙwabcin da aka daɗe ba a gaisawa da shi.

Kwabbai ne na tagulla, na ƙarshen zamanin Rumawa. Ko in ce na talakawan da ke ƙarƙashinsu. A garuruwan da canji ya yanke, maƙera sun riƙa duban kwabon gwamnati suna buga irinsa. Wani ya kwaikwayi na gwamnati, wani ya kwaikwayi na wanda ya kwaikwaya, a haka har sarki ya rasa haɓa, rubutun gefe ya koma sanduna a jere, don mai sassaƙar bai iya karatu ba. Masu tara kwabbai na gaske ba sa son su. Baba su yake so. Na farko wani alhaji ɗan Tunis ne ya bar masa a shago, sauran ta gidan waya suka riƙa zuwa daga Turai, a ƙananan ambulan, shekara da shekaru.

Baba yankan mabuɗi ya yi a Rusaifa tun kafin a haife ni. Yakan ce mabuɗin da aka yanka daga kwafin kwafi ba ya buɗe ƙofa, amma waɗannan sun sayi burodi. Idan baƙo ya ce jabu ne, sai ya ɓata rai. Jabu don a cuce ka ake yin sa, in ji shi, wannan kuwa don a ba ka canji.

Talata, 9 ga Safar, bayan azahar

Ina ƙarama muna da wani wasa. Ya rufe ido, in sa masa kwabo a hannu ta kowace fuska na ga dama, shi kuma ya bi shi da babban yatsa, ya murza, ya murza, har kan sarkin ya miƙe. Sai ya buɗe ido ya ce, "Ga mutuminki, yana kallon dama." Bai taɓa kuskure ba. Ni ban taɓa iyawa ba, ko da idona a buɗe.

Yau na ɗauko ɗaya daga cikin manyan, mai fuska sosai, na sa masa a hannun hagu, wanda yake da sauran motsi. Ya damƙe. Shi ke nan.

Rawan, nas ɗin da take zuwa da safe, ta ce kada in ɗora rai a kan damƙa, jariri ma yana damƙe yatsa. Na sani. Na ci jarrabawa a kai.

Abin da nake son sani ɗaya ne, ko akwai wanda yake cikin jikin nan da muke juyawa. Ban faɗa wa kowa haka ba.

Laraba, 10 ga Safar, da safe

An juya shi. Ya sha kaɗan. Na zubar da ruwan robar.

Alhamis, 11 ga Safar, bayan la'asar

Goggo ta kira ni kicin ta rufe ƙofa.

"Khalida, gumakan nan za su fita daga ɗakin."

"Kwabbai ne, Goggo."

"Da kai ko babu kai?"

"Da kai."

"To." Ta gyara mayafi. "Mala'ikun rahama ba sa shiga ɗakin da ke da sura. Wannan ba sai an je Kano ake sani ba. Lokacin da yake kan ƙafarsa na yi magana, ya yi dariya, na ƙyale shi, yana da sauran lokaci. Yanzu baƙi muke jira."

Na ce kuɗin da ke aljihun Turki ma akwai fuska a jikinsu.

"Wannan larura ce. Kuma daga yau ya riƙa barin jakar kuɗinsa a falo."

Ban ce ba gaskiya ta faɗa ba. Ita hanya take share masa, kuma tsakaninta da Allah take yi. Ni kuma kwabban nan su ne kaɗai ƙofar da na san zan ƙwanƙwasa. Na ce ta ba ni lokaci. Ta ce ba ita ke ba da lokaci ba.

Turki ya shigo yana taunar wani abu. Da ya ji zancen ya ce, "Khalas, Abla, in kai su gidana a Aziziyya. Abuya ma yidri." Wato shi ke nan, Yaya, wai Baba bai san ana yi ba. Ya faɗa a sauƙaƙe, kamar mai ba da labarin cunkoso a hanya. Sannan ya ajiye jakar kuɗinsa a kan talabijin kafin ya shiga ɗakin. Yaron kirki ne.

Juma'a, 12 ga Safar, da hantsi

Babu komai. Zafi.

Asabar, 13 ga Safar, bayan azahar

Goggo ta buga wa Malam Mailafiya waya, limamin da take tambaya tun mijinta yana da rai. Ta sa a lasifika don in ji da kunnena. Ya ce abin da babu kai, ko wanda ya lalace har ba a gane mai rai ne, ba sura ba ne, yana iya zama. Ya yi wa Baba addu'a mai tsawo. Muka ce amin.

Ina wanke kofuna na ji ƙarar ƙarfe. Na fito na tarar da ita ta buɗe akwatin aikin Baba, ta ɗauko magagarin da yake gyara haƙoran mabuɗi da shi.

"Tunda ba kya son su fita, sai a goge kawunan. Kowa ya huta."

Ban ɗaga murya ba. Na je na zauna a kan kabad ɗin. Mace mai digiri, zaune a kan kabad, ƙafafu na lilo. Muka dubi juna. Baba yana tsakaninmu yana kallon silin.

A ƙarshe ta ajiye magagarin. Mun daidaita: gobe za ta duba su ɗaya bayan ɗaya. Wanda ta ga mai rai a jikinsa ya tafi Aziziyya. Wanda ba ta ga kowa ba ya zauna. Ita ce alƙali, babu ɗaukaka ƙara.

Lahadi, 14 ga Safar, bayan magariba

Mun wuni a falo. Na shimfiɗa zani a ƙasa na juye farantan kwabban. Goggo ta sa tabaronta, ta ɗora gilashin dubawa na Baba a kai, ido ɗaya ya zama kamar ƙwai.

Na gwamnati, waɗanda Baba yake ajiyewa don kwatance, su suka fara fita. Ko daƙiƙa ba su yi a hannunta ba.

"Wannan ga hanci kamar na Issoufou mai gyaran famfo. Fita."

"Wannan kuma me suke yi a baya?"

Na ce soja ne yake soke wani mahayi da ya faɗo daga kan doki.

"Har da kisan kai aka ajiye masa a ɗaki. Fita."

Can ta ɗauko wani da dokin ya koma dunƙule-dunƙule kamar ɗanwake. Na ji raina ya ɗan motsa, karo na farko a makon nan. Ta juya shi, ta kai shi bakin taga.

"Doki ne?"

"Da can, Goggo. A wurin kakan kakansa."

"Ga ƙafa nan. Fita."

Baba ya jera su ne bisa ƙasar da aka haƙo su, na Masar daban, na Faransa daban, na Ingila daban. Aikin shekaru. Yau duk sun haɗu a kwanon silba guda, suna ƙara kamar wanke-wanke. Na zauna ina miƙa mata. Na lura ina jin yunwa, na ci dabino.

Idon Goggo ya fi yadda take faɗa kyau. Tana ganin ido a inda ni tsatsa nake gani. Wani lokaci sai ta daɗe da ɗaya a hannu, ta ce, "Allah sarki, wanda ya yi wannan bai taɓa ganin mutum ba ne?" Sannan ta jefa shi a kwanon.

Guda ɗaya ya tsira. Bai fi maɓallin riga ba, baƙi-baƙi, gefensa a karkace. Bayansa ya shafe sumul. A gabansa akwai wasu tsinaye da suka zubo ƙasa kamar haƙoran mataji, da ɗigo, da 'yan layuka da ba su haɗu da juna ba. Ta duba da gilashi, ta duba babu gilashi.

"Wannan ba kowa ba ne. Ƙaya ce kawai. Ya zauna."

Na karɓa na duba ni ma. Ƙaya ce.

Litinin, 15 ga Safar, da safe

Turki ya kwashe su. Ya wuce da kwanon ta gaban gadon, yana ƙara. Na kafa wa idon Baba ido. Bai bi shi ba.

Goggo ta share ɗakin, ta yi turaren wuta, ta buɗe taga duk da zafi, sannan ta rufe. Ta zauna ta numfasa. Ban taɓa ganin fuskarta a kwance haka ba tun da ta zo.

Talata, 16 ga Safar, bayan la'asar

Na sa masa mai ƙayar. Ya damƙe. Shi ke nan.

Laraba, 17 ga Safar, bayan la'asar

Abokansa na Rusaifa sun zo dubiya, dattawa masu fararen riguna. Na tsaya a bayan labule na miƙa wa Turki shayi. Suna ba da labarinsa shi kuma yana kwance a gabansu: yadda ya buɗe wa wane ƙofa ranar da mabuɗi ya karye a ciki, yadda bai taɓa karɓar komai a hannun gwauruwa ba. Ɗaya ya fara cewa "Allah ya ji", sai ya yi tari, ya mayar da ita Allah ya ba shi lafiya. Suka ce amin da ƙarfi don su rufe masa.

Sun bar lemo kwali guda. Ba mai sha.

Alhamis, 18 ga Safar, da hantsi

An juya shi. Ya sha kaɗan. Na sa masa. Ya damƙe.

Juma'a, 19 ga Safar, bayan azahar

Turki ya kai Goggo Harami, sun dawo da zamzam. Tana jiƙa auduga tana shafa masa a leɓe. Ta ce in je gobe in yi ɗawafi, raina zai yi sanyi. Raina ba zafi yake yi ba. Ban san yadda zan yi mata bayanin wannan ba.

Daga wurin aiki sun turo saƙo suna tambayar yaushe zan dawo. Na rubuta musu "ba da daɗewa ba", na tsaya ina kallon kalmomin, sannan na tura.

Asabar, 20 ga Safar, bayan la'asar

Rawan ta rage abin da ake ba shi ta baki. Ta dube ni, na dube ta. Da daɗi a yi magana da wanda ba sai an yi magana ba.

Na sa masa. Ya damƙe.

Lahadi, 21 ga Safar, kafin magariba

Zan rubuta yadda ya faru, ba ƙari.

Na sa masa kwabon kamar kullum, na zauna ina duba waya. Goggo tana ɗaya gefen tana jan carbi. Sai na ji carbin ya tsaya.

Hannunsa ya ɗan buɗe. Babban yatsan yana kan kwabon, yana bin gefensa. A hankali ƙwarai, kamar mai lalube a duhu. Ya murza. Ya tsaya. Ya sake murzawa. Idonsa yana can inda yake, a kan silin. Yatsan ya kai wani wuri, ya koma baya kaɗan, ya tsaya cak.

Na sunkuya na duba. Tsinayen da suke zubowa ƙasa yanzu sama suke kallo. Kambi ne. Irin kambin nan mai tsini da sarakunansu suke sawa. A ƙarƙashinsa ɗigon ya zama ido. Layin nan hanci ne, waɗancan gemu ne. Wani ɗan mutum mummuna, mai dogon wuya, yana kallon dama. Mako guda muna riƙe da shi a juye, ni da Goggo da gilashinmu.

Na zare shi, na juya, na mayar masa. Mun jira. Mukayyif yana ɗiga a roba. Yatsan ya motsa. Ya ɗauki lokaci fiye da na farko, amma a wuri ɗaya ya tsaya.

Goggo ta taso, ta zagayo, ta sa tabaro. Ta daɗe a sunkuye. Na san ta gani, matar da ta ga ƙafar doki a jikin ɗanwake.

"Ƙadiri," ta ce. "Ashe kana ji na ina zagin gumakanka."

Ta ɗauke kwabon daga hannunsa. Na ce a raina, shi ke nan, Aziziyya. Yarjejeniya ce, ni na yarda da ita. Ta riƙe shi tsakanin yatsu biyu, tana duban ƙofa, tana duban ƙanenta. Sai ta juya shi, kambin ya koma ƙasa, ta mayar masa a tafin hannu, ta naɗe yatsunsa a kai.

Ta koma wurinta ta ɗauki carbi. Ba ta ja ba.

Litinin, 22 ga Safar, da safe

A kicin, tana dama kunu, ba ta dube ni ba:

"A juye ƙaya ce. Ni ƙaya na bari a ɗakin. In ya miƙar da shi, wannan tsakaninsa da Ubangijinsa, ni kuma in sake juyawa."

Na ce ko za a tambayi Malam Mailafiya.

"Malam yana da aiki. Miƙo mini sukari."

Litinin, bayan la'asar

Turki ya gani da idonsa. Ya durƙusa a bakin gadon, ƙaton mutum, ya kifa goshi a kan katifa. Ya ce, "Baba, ni ne, Turki ne," da Hausa, da wannan harshen nasa mai nauyi. Ban tuna rabon da in ji ya haɗa jimla da Hausa ba. Na fita na ba su wuri. Na tsaya a baranda ina kallon motocin haya suna wucewa. Ina jira in ji wani abu ya fashe a ƙirjina. Bai fashe ba. Amma na daɗe a tsaye.

Talata, 23 ga Safar, bayan azahar

Goggo ta karɓe aikin daga hannuna. Ita ke sa masa, ita ke juyawa. Tana yi tana masa faɗa. "To, malam mai taurin kai, ga shi nan. Tun kana yaro haka kake, a ce kada ka taɓa, sai ka taɓa." Ya miƙar, ta juya. Ya miƙar, ta juya. Tsakanin haka tana laƙƙana masa kalmar shahada a kunne.

Na yi mata wasanmu na da, yadda yake cewa ga mutuminki yana kallon dama. Ta ce ai kafin a haife ni da maɓallan rigar babansu yake yi.

Laraba, 24 ga Safar, da hantsi

An juya shi. Bai sha ba. Ya miƙar da kwabon, sau ɗaya, da ƙyar.

Alhamis, 25 ga Safar, bayan la'asar

Yatsan ya fara, ya kai rabi, ya tsaya. Kambin yana kallon gefe. Goggo ta duba, ta ce har yanzu ƙaya ce, ta bar shi a haka. Can ta miƙa hannu ta ƙarasa mayar da shi ƙasa.

Juma'a, 26 ga Safar, da hantsi

Ta sa masa. Muna zaune mu uku.

Asabar, 27 ga Safar, bayan la'asar

Takalma sun cika bakin ƙofa har matattakala. Jiya bayan sallar Juma'a maza suka tafi Harami da shi don a sallace shi, Turki a gaba. Mata suna falo, ana ta kawo shinkafa a manyan faranta. Kowa ya riƙe hannuna ya faɗi abin da ake faɗa, ni ma na mayar da abin da ake mayarwa. An ce na yi haƙuri ƙwarai.

Na kashe mukayyif ɗin ɗakin. Na zubar da ruwan robar, na kife ta.

Ɗazu Goggo ta same ni a ciki, ina zaune a kan kabad ɗin da babu komai a cikinsa. Ta kwance haɓar mayafinta ta fito da kwabon.

"Na duba kafin in zare," ta ce. "Yadda na sa masa, haka yake. Bai miƙar ba. Da mala'ikun suka zo ƙaya suka tarar, ɗakin tsaf." Ta sa mini a hannu ta naɗe yatsuna a kai, yadda take yi masa. "Ke kin samu naki, ni na samu nawa. Tashi ki ci abinci."

Da ta fita na rufe ido. Na bi gefensa da babban yatsa, na murza, na murza, na tsaya a inda na ji kamar nan ne.

Na buɗe. Ƙaya ce.